Toshewar hanjin Shugaba Eisenhower a 1956: abin da likitoci suka tarar, da abin da ke faruwa a bangon hanji mai daɗaɗɗen kumburi

Daren Alhamis wayewar Juma'a, 8 ga Yunin 1956, ciwon ciki ya turnuƙe shugaban Amurka Dwight Eisenhower. Da yammacin ya halarci liyafar masu ɗaukar hoto na 'yan jarida, ya koma gida lafiya ƙalau. Can bayan sha biyun dare matarsa Mamie ta buga wa likitansa Howard Snyder waya. Snyder ya saba da irin wannan kira, domin cikin maigidansa ya daɗe yana tashi yana kwantawa. Wannan karon bai kwanta ba. Gari ya waye da amai, ciki ya kumbura, kafin yamma an kai shi asibitin sojoji na Walter Reed da ke Washinton. Hotunan da aka riƙa ɗauka sun nuna ƙaramin hanji yana ta cika da iska da ruwa, alamar hanya ta toshe daga can ƙasa.

Mara lafiyar yana da shekara 65. Ko wata tara bai yi da bugun zuciyar da ya kama shi a Denver ranar 24 ga Satumban 1955 ba, kuma tun lokacin yake shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Ga zaɓe na tafe a watan Nuwamba, ya riga ya ce zai sake tsayawa. Duk likitan da zai sa masa wuƙa ya san abin da ya ɗauko.

Tarihin ciwon

Ciwon ba baƙo ba ne. Tun 1923 aka cire masa afendis saboda ciwon da yake yawan ji a ƙasan ciki ta dama, amma ciwon bai tafi da afendis ɗin ba. Ya sake kwantar da shi a 1938, da 1947, da kuma 1949, shekarar da Snyder ya matsa masa kan sigari, wadda yake shan kwali uku zuwa huɗu a rana, ya kuwa yar da ita gaba ɗaya. Ranar 16 ga Afrilun 1953 ya gabatar da shahararren jawabinsa kan zaman lafiya a gaban editocin jaridun Amurka yana riƙe da teburin magana da hannu biyu, gumi na keto masa, cikinsa na murɗawa. Sai a watan Mayun 1956, wata guda kafin wannan dare, hoton da aka ɗauka bayan ya sha ruwan bariyom ya nuna ƙarshen ƙaramin hanjinsa ya tsuke. Likitoci suka ce kumburin iliyom ne, wato wannan sashe na ƙarshen ƙaramin hanji, abin da yau ake kira cutar Crohn.

Daga 1923 zuwa 1956 shekara 33 ke nan. Ba duka laifin likitoci ba ne, don lokacin da aka cire afendis ɗin cutar ba ta ma da suna. Wani likitan tiyata na Glasgow, Kennedy Dalziel, ya bayyana ta a 1913, amma ba a kula ba sosai sai 1932, da Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai a Niyok suka wallafa bayanin marasa lafiya 14. An jera sunayen marubutan bisa haruffa, shi ya sa sunan Crohn ya zo farko har ya manne wa cutar. Likitan da ya yi wa mutanen tiyata, A. A. Berg, ya ƙi a sa sunansa. Da ya yarda, da wataƙila sunansa muke kira yau.

A ɗakin tiyata

An daɗe ana shawara a daren, kowa na tsoron zuciyar. Isidor Ravdin na Jami'ar Pennsylvania yana cikin waɗanda suka dage cewa jira ya fi aikin haɗari. Da misalin ƙarfe uku na daren Asabar 9 ga Yuni, Manjo Janar Leonard Heaton ya buɗe cikin.

Bayanin da Heaton da abokan aikinsa suka wallafa a 1964 ya faɗi abin da suka tarar. Santimita 30 zuwa 40 na ƙarshen ƙaramin hanji sun yi kauri, sun yi tauri, sun tsuke. Kitsen da ya kamata ya tsaya a gefe guda ya miƙo yatsu ya hau jikin hanjin yana neman zagaye shi. Tantanin da ke riƙe da hanjin, wato mesentari, ya yi kauri, ya gajarce, ya daina nuna haske. Suka ce wannan busasshen nau'in cutar ne: tsohon kumburi da ya ci ya cinye ya bar tabo.

Heaton bai yanke sashen ba. Ya ɗauko lafiyayyen hanji daga sama da wurin da ya tsuke, ya haɗa shi gefe da gefe da tsakiyar babban hanji, abinci ya sami sabuwar hanya. Aikin bai cika awa biyu ba. Hujjarsa ita ce mutum ne mai shekaru, zuciyarsa ba ta gama warwarewa ba, cutar kuma ta lafa, don haka aikin da ya fi gajarta shi ya fi.

Surutu ya biyo baya. Wasu likitoci suka ce kamata ya yi a yanke sashen a yar. Wasu suka ce ko da za a kewaye shi, sai a datse hanjin a rufe bakinsa don kada abinci ya ci gaba da shiga wurin da ba shi da lafiya, yadda aka saba a Mount Sinai. Masu wannan ra'ayi ba su yi shirme ba: a 1991 Paul Rutgeerts na Leuven a Beljiyam ya nuna cewa hanjin da aka kare daga abin da ke bi ta cikinsa ba ya sake kumbura, da an maido da hanyar kuwa sai gyambo ya dawo. Daga baya kuma aka riƙa samun sankara a irin waɗannan sassa da aka kewaye aka bari a ciki, har aka kusa daina aikin kwata-kwata. Duk da haka ina ganin Heaton ya yi daidai ga wannan mutum a wannan dare. Abin da ya gani tabo ne, ba wuta mai ci ba, kuma mara lafiyar da ke gabansa ba saurayi ɗan ashirin da biyar ba ne da zai rayu da sashen shekara hamsin.

Da yake an bar sashen a ciki, bai je ɗakin gwaji ba. Amma abubuwa ukun da Heaton ya gani da ido, kaurin bango da kitsen da ya hau da mesentari mai duhu, an yanke irinsu daga dubban marasa lafiya an duba a madubin likita. Abin da aka gani a can shi ne asalin maganar.

Jijiyoyin jini

Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin rago ranar Babbar Sallah ya san mesentari ko da bai san sunansa ba. Shi ne tantanin nan mai kitse da hanji ke rataye a bakinsa. In ka ɗaga shi ga rana za ka ga jijiyoyi sun yi baka-baka, sannan ƙanana sun miƙe sambal zuwa jikin hanji, da 'yan ƙulalai masu launin toka nan da can, su ne kaluluwa. Ta wannan tantani jini ke shiga hanji, ta nan yake fita, ta nan kuma ruwan limf, wato ruwan da ya tsiyaya daga jini ya shiga nama, ke ficewa. A lafiyayyen mutum kitsen yana tsayawa daidai inda tantanin ya haɗu da hanji, ba ya wuce nan.

Cikin kowace jijiya akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta falle ɗaya, endoteliyom. Ita ke yanke hukuncin abin da zai fita daga jini ya shiga nama. In hanji ya kumbura, sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa, musamman TNF, suna sauya mata hali. Fuskarta sai ta cika da furotin masu kama fararen ƙwayoyin jini, mahaɗar ƙwayoyinta ta saki, ruwa da furotin su riƙa tsiyaya cikin bangon hanji. A kumburi na kwana biyu, kamar na gudawa, wannan alheri ne, kuma komai na komawa daidai. Matsalar cutar Crohn ita ce ba ya komawa.

Naman da ya daɗe a kumbure yana ƙarancin iskar oksijin, sai ya fitar da wani sinadari, VEGF, mai sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Silvio Danese da abokansa sun nuna a 2006 cewa ƙananan jijiyoyi sun fi yawa a hanjin masu cutar Crohn da na masu wata cuta 'yar'uwarta, kumburin babban hanji mai gyambo, in an kwatanta da lafiyayyu. Sai dai sababbin jijiyoyin ba su nuna ba. Bangonsu sakwa-sakwa ne, suna yoyo, suna saurin zubar da jini, kuma kowacce ƙarin ƙofa ce ga ƙwayoyin da ke rura kumburin. A hoton sikan na mai cutar da ke tashe, miƙaƙƙun jijiyoyin mesentari kan cika su jeru reras, likitocin hoto na kiran wannan alamar mataji.

Mutum zai ɗauka yawan jijiya na nufin yawan jini. A farkon cuta haka ne. A tsohuwar cuta akasin haka ake samu. Tun 1977 Leif Hultén na Suwidin ya auna gudun jini a hanjin marasa lafiya lokacin tiyata, ya ga yana hauhawa a kumburi mai zafi, yana faɗuwa a sashen da ya daɗe ya yi tabo. A 2003 wasu masu bincike a Milwaukee suka nuna cewa ƙananan jijiyoyin da aka ciro daga irin wannan hanji sun rasa ikon buɗewa in an buƙace su. Ga kuma 'yan gudajin jini da ke toshe wasu. Naman da jini bai ishe shi ba gyambonsa ba ya warkewa da wuri, in ya warke kuma da tabo yake warkewa. Busasshen hanjin da Heaton ya taɓa da hannunsa ya kai wannan mataki. Saurin daskarewar jinin ma ba a hanji kaɗai yake tsayawa ba: masu wannan cuta sun ninka sauran mutane kusan sau uku wajen haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu, abin ya fi muni lokacin da cutar ta tashi.

Jijiyar da ta zama ƙofa

Sauyin da ya fi ba ni mamaki ƙarami ne, sai da madubi. James Gowans na Oksfod ya gano a 1959 cewa ƙwayoyin limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu aikin garkuwa, ba zaune suke wuri ɗaya ba, zagaye suke daga jini zuwa kaluluwa, daga kaluluwa su bi ruwan limf su koma jini. A 1964 shi da Julie Knight suka nuna ta inda suke fita daga jinin: wasu ƙananan jijiyoyi na musamman waɗanda ƙwayoyin shimfiɗarsu ba shafaffu ba ne kamar na sauran, dogaye ne masu ƙiba. A lafiyayyen jiki irin waɗannan jijiyoyi suna cikin kaluluwa, da 'yan wuya, da tarin naman garkuwa da ke ƙarshen ƙaramin hanji, wanda Johann Conrad Peyer ɗan Suwizalan ya bayyana a 1677.

Ɗakin binciken Eugene Butcher a Stanford ne ya warware yadda limfosait ke gane hanji daga sauran jiki. A 1988 suka gano wani furotin a jijiyoyin hanji, MAdCAM-1, a 1993 kuma suka nuna cewa wani maƙali a jikin limfosait, intagirin alfa-4 beta-7, shi ke kama shi. Ƙwayar da ke gudu cikin jini sai ta fara mirginawa a bangon jijiya, ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar ta fita. A hanjin da ya daɗe da kumburi MAdCAM-1 yana ƙaruwa sosai, kuma jijiyoyi na yau da kullum suna rikiɗa su zama masu dogayen ƙwayoyin nan a wuraren da babu su a da. Wasu ma har suna ɗaukar alamar da aka sani a kaluluwar hammata da ta wuya, wadda ke kiran sababbin limfosait da ba su taɓa haɗuwa da abokin gaba ba.

Ƙwayoyin da suka shigo ba watsuwa suke yi barkatai ba. Sinadarin limfotoksin da TNF suna sa ƙwayoyin da ke riƙe da naman wurin su fara fitar da sinadaran kira. Limfosait iri biyu ne, B da T: CXCL13 yana tara ƙwayoyin B a tsakiya, CCL19 da CCL21 suna tara ƙwayoyin T a gefe. A hankali sai ga wani abu mai tsarin kaluluwa, da cibiyar da ƙwayoyin B ke hayayyafa suna ƙera makaman garkuwa, sai dai ba shi da kwanson da ke kewaye kaluluwa ta gaskiya. Kaluluwa da tarin Peyer, da ake kira naman limf na mataki na biyu, tun mutum na ciki ake gina su. Wannan kuwa kumburi ne ke gina shi bayan an girma, a inda bai kamata ba, shi ya sa ake ce masa naman limf na mataki na uku. Da zarar ya kafu, shi ke riƙe da jijiyoyin da suka rikiɗa, su kuma suna kawo masa ƙarin ƙwayoyi. Abin ya zama mai ciyar da kansa.

Inda ake samun waɗannan taruka na cikin abin da ke raba manyan cututtukan kumburin hanji biyu. A kumburin babban hanji mai gyambo, galibi suna tsayawa a shimfiɗar ciki. A cutar Crohn suna ratsa bangon gaba ɗaya, har a gan su jere a bayan tsokar hanji, ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Gyambon farko na cutar ma, ɗan ƙanƙani mai farin tsakiya da jan baki, bisa kan irin wannan tarin limf yake fitowa. Ba mamaki cutar ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, inda tarin Peyer ya fi yawa. Likitocin tiyata a Kano da Zariya da Damagaram sun san wannan wuri sarai ta wata hanyar: nan ne zazzaɓin taifot ke huda hanjin yara, domin ƙwayar cutar a cikin tarin Peyer take sauka.

Magudanan limf da kitsen da ya hau

Ruwan da ya tsiyaya daga jijiyoyin jini dole ya sami mafita. Magudanan limf ke kwashe shi, tare da maiƙon abinci da ƙwayoyin garkuwa, su bi ta mesentari zuwa kaluluwa, daga nan zuwa babbar jijiya a gindin wuya. Manyan magudanan suna da bawul da ke hana ruwa komawa baya.

Likitocin farko sun ɗora wa waɗannan magudanai laifi sosai. A 1936 Reichert da Mathes suka toshe magudanan limf na hanjin karnuka da gangan, bangon hanjin ya yi kauri ya kumbura kamar na masu cutar. Daga baya hankali ya koma kan ƙwayoyin garkuwa da gado, aka manta da batun, har Herbert Van Kruiningen da Jean-Frédéric Colombel suka sake tayar da shi a 2008. A 2016 Gwendalyn Randolph ta Jami'ar Washinton da ke St. Louis ta duba mesentarin da aka yanke daga masu cutar Crohn, ta ga tarukan limf masu yawan ƙwayoyin B sun kafu a kan manyan magudanan da ke zuwa kaluluwa, sun lalata musu tsari. A 2021 ɗakin bincikenta ya nuna a ɓerayen da jikinsu ke yawaita TNF cewa tarukan suna fitowa ne daidai wurin bawul, suna tare hanya, ruwan limf ya riƙa yoyo yana komawa baya.

Wannan ya haɗa abubuwan da Heaton ya gani wuri guda. Jini na zubo ruwa ta gaba, mafita ta toshe ta baya, bango ya jiƙe ya yi kauri, shekaru na tafiya ruwan ya zama tabo, tsokar hanji ta ƙara kauri, rami ya tsuke. Kitsen ma yana da nasa bayani. Wani bincike na 2005 a ɓerayen da magudanan limf ɗinsu ke yoyo ya nuna kitse na taruwa a inda ruwan ke zuba. A 2020 kuma ƙungiyar Suzanne Devkota a Los Angeles ta sami ƙwayoyin bakteriyar hanji da ransu a cikin kitsen da ya hau, musamman wata mai suna Clostridium innocuum, ta ce kitsen na zuwa ne ya toshe ɓaraka don kada ƙwayoyin su shiga jini. In haka ne, kitsen kariya ce da ta wuce gona da iri.

A nan ya kamata a yi hattara, domin masu sha'awar wannan fanni kan yi saurin cewa sun gano tushen cutar. Ganin abu a hanjin da aka yanke bayan shekara goma ko ashirin na ciwo ba ya nuna shi ya fara. Kuma ba kowane sauyi ne sharri ba. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa waɗanda magudanan limf suka yi ƙaranci a bakin hanjin da aka yanke musu su ne cutar ta fi saurin dawo wa, wato yawaitar magudanan ƙoƙarin jiki ne na kwashe ruwa. Abin da hujja ta tsaya a kai shi ne waɗannan sauye-sauye suna riƙe cutar, suna hana ta mutuwa, ko da wani abu dabam ne ya kunna ta.

Abin da ya kai ga magani

A zamanin Eisenhower abin da ke hannu kaɗan ne: kotizon, da magungunan salfa, da wuƙa. Infliximab, mai kama TNF, ya sami izini a Amurka a 1998. Daga binciken Butcher kuma aka yi tunanin rufe ƙofar da limfosait ke shiga. Na farko, natalizumab, ya rufe ta hanji ya haɗa da ta ƙwaƙwalwa, wasu marasa lafiya suka kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ƙwayar bairos ɗin JC ke haddasawa. Vedolizumab, wanda aka amince da shi a 2014, alfa-4 beta-7 kaɗai yake kamawa, don haka a hanji aikinsa ya tsaya. Ya fi saurin aiki a kumburin babban hanji mai gyambo, a cutar Crohn yana ɗaukar lokaci. Wannan bai saɓa wa abin da aka gani a madubi ba: rufe ƙofa yana hana sababbi shiga, amma waɗanda suka riga suka kafa gida a zurfin bango suna nan.

Hana sababbin jijiyoyi tsirowa kuwa bai zama magani ba. Bevacizumab, da ke kama VEGF, ana ba masu sankara, kuma an san yana iya huda hanji. Gyambo na buƙatar sabuwar jijiya kafin ya warke.

Ta ɓangaren tiyata, Calvin Coffey na Limerick a Ailan ya ba da rahoto a 2018 cewa in aka haɗa da mesentari aka yanke, waɗanda suka sake buƙatar tiyata sun ragu daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kusan kashi 3. Adadin ya girgiza likitoci, amma marasa lafiyar kaɗan ne, kuma da na shekarun baya aka kwatanta su. Da aka yi gwajin da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a a Holan da Italiya, wanda aka wallafa a 2024, ba a ga bambanci ba wajen dawowar gyambo bayan wata shida. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a mayar da yanke mesentari ƙa'ida ga kowa ba tukuna.

Mai irin hanjin Eisenhower a yau, babu ɗaya daga cikin waɗannan allurai da zai buɗe masa wurin da ya riga ya zama tabo. Za a yi masa hoton sikan ko na maganaɗisu a ga ko kumburi ne ya fi yawa ko tabo. In tabo ne mai tsawon santimita 30 zuwa 40 kuma ya toshe, yanke shi za a yi a haɗa. In gajere ne ana iya buɗa shi da balan-balan ta na'urar leƙa hanji, ko a tsaga shi a tsaye a ɗinke a kwance, dabarar da likitocin Indiya suka fara a kan tarin fuka na hanji kafin Emanoel Lee na Oksfod ya wallafa sakamakon gwada ta a cutar Crohn a 1982. Bayan aiki sai a leƙa mahaɗar cikin shekara guda, domin Rutgeerts ya nuna a 1990 cewa kashi 73 cikin ɗari gyambo na dawo musu a wannan tsakani, galibinsu tun ba su fara jin komai ba. Za kuma a hana shi sigari, wadda ke ƙara haɗarin dawowar cutar. A wuraren da tarin fuka ya yawaita, kamar namu, akwai ƙarin mataki: tarin fuka na hanji wannan wurin yake kamawa, kamanninsa a hoto kusan ɗaya ne, kuma ba mai shi maganin kashe TNF na iya watsa cutar a jiki duka. Dole a kore shi kafin a ce Crohn ce.

Yadda ta kaya

Eisenhower ya bar asibiti ranar 30 ga Yuni, ya tafi gonarsa ta Gettysburg ya huta. A watan Yuli aka tabbatar yana nan kan takararsa. Rikicin mashigin Suez da na Hangari suka same shi a ƙarshen Oktoba, ranar 6 ga Nuwamba kuma ya kayar da Adlai Stevenson a karo na biyu. Ya yi ɗan shanyewar jiki a Nuwamban 1957 ya warware, ya kammala wa'adinsa a Janairun 1961. Cikin bai daina damunsa jefi-jefi ba. A Disamban 1966 aka cire masa matsarmama saboda tsakuwa.

A Fabrairun 1969, yana kwance a Walter Reed bayan bugun zuciya da ya yi ta maimaita masa a 1968, hanjinsa ya sake toshewa, aka sake buɗe shi. Wannan karon mannewar hanji ce daga tabon ayyukan baya, ba tashin cutar Crohn ba, kuma hanyar da Heaton ya buɗe shekara kusan 13 da suka wuce tana aiki. Ya rasu ranar 28 ga Maris 1969 yana da shekara 78, sakamakon gazawar zuciya.